Wa Ya Rubuta Abin Da Muke Karantawa?

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ƙungiya, Sabo, Ibadan

   

An nemi mu yi magana a kan karatu, aka kuma ce na manya ake nufi, wato magidanta da matan aure da dattawa, waɗanda babu malamin da zai ɗaga musu bulala in ba su buɗe littafi ba. Wannan kuwa ya yi mana daidai, domin kusan duk taron da aka yi a zauren nan kan ilmi, a kan yara yake ƙarewa: ba su zuwa makaranta, ba su biya allo, ba su kaza, ba su kaza. To, yau reshe zai juye da mujiya. Abin da za mu duba shi ne, me manyan Sabo suke karantawa, wa ya rubuta shi, namiji ne ko mace, kuma ɗan wace ƙasa ne.

Akwai wata magana da muka saba ji a bakin maƙwabta, har wasunmu sun hau sun zauna a kai, wai Bahaushe ba ya karatu, shi dai a bar shi da rediyonsa. Rediyo kam muna so, ba musu. Amma mai wannan magana bai taɓa shigowa unguwar nan bayan sallar asuba ba, ko tsakanin magariba da lisha. Da ya shigo, da ya tarar da dillalin shanu da furfurarsa, da ɗan canji, da mai sayar da goro, sun naɗe ƙafa a gaban malami, kowa da littafinsa a gafaka ko a leda, malam na fassara suna biye. Wani ya shekara ashirin a haka, bai fasa ba sai in tafiya ta kama. Abin da ya sa ba a ƙidaya shi cikin masu karatu kawai shi ne rubutun nasa daga dama yake farawa.

Bari mu buɗe gafakar nan mu gani. Ahalari, wanda kusan kowa da shi ya fara, mutumin Aljeriya ne ya rubuta shi a ƙarni na 16. Ishmawi da Iziyya daga Masar suka fito. Risala ta Ibn Abi Zaid ce, mutumin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya, wanda ya rasu a shekarar 996, kun ga ke nan littafin ya haura shekara dubu yana yawo a hannun mutane. Muhtasar na Halilu ne, shi ma Bamasare. Ashafa da ake karantawa da azumi na Alƙali Iyal ne, haifaffen Sabta a gaɓar tekun Maroko. Dala'ilu na Jazuli ne, mutumin Maroko. Ishiriniya da ake kwana ana rerawa da Mauludi kuwa, Alfazazi ɗan Andalus ne, ƙasar da yanzu take cikin Sipaniya. Wanda ke karanta Diwani yana karanta Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a Senegal, wanda ke karanta Bulugul Marami yana karanta Ibn Hajar na Masar, Arba'una Hadisan kuma Nawawi ne ya tara, mutumin Sham.

Jama'a, ku duba fa. Gafaka ɗaya, ƙasashe sun kai bakwai. Kuma ba mu taɓa jin wani ya ture Risala ya ce shi ba zai karanta littafin Batunishe ba. Ba a tambaya ma. Ana duba abin da ke ciki ne, da kuma wanda ya karantar da kai. Ashe ke nan tun fil azal Bahaushe mai karanta baƙi ne, tare da cewa yana da nasa na gida, irin su Shehu Usmanu da ƙaninsa Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello, da Infiraji na Aliyu Namangi da almajirai ke rerawa ƙofa-ƙofa.

Sai dai akwai abu ɗaya da gafakar nan ba ta da shi. Duk waɗannan da muka lissafa maza ne. Alhali kuwa muna da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa wa jajis malfa tana aika su ƙauyuka su karantar da mata. Kowa a zauren nan ya san sunanta, da yawa ma sun raɗa wa 'ya'yansu. Amma mutum nawa ne za su iya faɗin sunan rubutunta guda ɗaya? Ana girmama ta, ba a karanta ta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da boko ya shigo, halin bai sake ba. A 1933 Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasar ƙaga labari, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sannan Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. Bayan 'yan shekaru Imam ya fito da Magana Jari Ce kashi uku. In ka tambayi dattijon Sabo da ya yi Yaƙi da Jahilci wane littafi ne na Hausa tsantsa, Magana Jari Ce zai ce maka. To, amma labaran da akun nan ke bayarwa, da yawansu Imam ya ɗebo su ne daga Alfu Laila, da tatsuniyoyin Jamus, da na Indiya, ya ɗinka musu riga da wando da hula har ba mai gane su. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa, asalinsa wani jarumi ne na mutanen Rasha. Wannan ba aibi ba ne, gwaninta ce. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, wadda jirgin ƙasa ke kawowa har nan, mutum ɗaya ya karanta goma su saurara, ita ma rabinta labarin duniya ne. Yanzu ba ta fitowa, Allah ya jiƙan maza.

Waɗanda suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 kuma, ga wasunsu nan yau sun zama alhazai, su James Hadley Chase suka sha. Abin dariya shi ne, yawancinsu sun ɗauka Ba'amurke ne, saboda duk bindigogin da motocin a Amurka suke. Mutumin Ingila ne, haifaffen Landan, taswira da ƙamus ya riƙa dubawa yana ƙera Amurkar tasa. 'Yan mata suka kama Mills & Boon, su ma daga Ingila. Sai jerin Pacesetters da ya fara a 1977, inda Mohammed Sule na Kano ya fito da The Undesirable Element. Wannan zango mun wuce shi da sauri, don ba nan gizo ke saƙar ba.

Inda yake saƙar shi ne cikin gida, bayan labule. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda shi ne ƙagaggen labari na farko da aka buga na mace da Hausa. Labarin wata Bafulatana ce da ta dage sai ta auri wanda ba ƙabilarsu ba, maganar da mu mazauna Kudu mun fi kowa sanin zafinta. Daga tsakiyar shekarun 1980, da takarda ta yi tsada manyan kamfanoni suka ja baya, sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a Kano da Kaduna da sauran garuruwa. Talatu Wada Ahmed ta yi Rabin Raina. Balaraba Ramat Yakubu ta yi Budurwar Zuciya, sannan Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya yi In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta yi Allura Cikin Ruwa. Daga nan ƙofa ta buɗe, mata suka yi yawa a fagen har suka rinjayi maza.

Iyayenmu mata da ke nan sun fi mu sanin yadda littattafan nan suka riƙa isowa Sabo. Direban babbar mota ya zo da su a ƙulle cikin kaya, wanda ya je gida Sallah a ba shi sautu, amarya ta zo da nata a ƙasan akwati. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma, yara ne 'yan aike, kamar yadda suke kai tallan ƙosai da alala. Bango ya yage a manna da salatif, shafin ƙarshe ya ɓace a aika a tambayi wadda ta riga karantawa yadda aka ƙare. Wata ma ta mai da abin sana'a, tana ba da haya. Babban tashin hankali shi ne a samu na ɗaya da na uku, na biyu yana Kano.

Me ya sa suka riƙe su haka? Ku ɗauki yarinyar da aka ɗauro wa aure daga Katsina ko Gusau aka kawo ta nan, tafiyar kwana a mota tsakaninta da uwarta. Ba ta jin Yarbanci, ba ta fita, miji tun safe yana kara ko kasuwa sai dare. A cikin littafin nan take jin Hausar gidansu, ana kamu, ana sa lalle, ana buɗar kai, ana faɗa da kishiya da irin habaicin da ta sani. Kuma ba soyayya ce kaɗai a ciki ba, duk da sunan da aka laƙa musu. Alhaki Kuykuyo Ne labarin Rabi ne, matar wani ɗan kasuwa da ya yi sabon aure ya kore ta da tarin 'ya'ya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Wa Zai Auri Jahila? labarin yarinya ce da aka cire daga makaranta aka ba tsoho. Ita kanta Hajiya Balaraba, ƙanwar marigayi Janar Murtala, an yi mata aure tana ƙarama, saboda haka ba jita-jita take rubutawa ba. Ranka ya daɗe, irin ƙararrakin da ake kawowa fadarka da safe su ne a cikin waɗannan littattafai, sai dai a nan daga bakin matar ake jin su, tun daga farko har ƙarshe, ba mai katse ta.

To, a nan ne fa muka ga bambanci. Mace a Sabo tana karanta kowa. Da rana tana Islamiyya da Ahalari da Arba'una, da dare tana tare da Ado Gidan Dabino ko Bala Anas Babinlata ko Anti Bilki, ba ruwanta da namiji ne ko mace. Namiji kuwa namiji yake karantawa. In ya sauka daga littattafan addini, sai jarida, sai labaran yaƙi da aljanu irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Da ya ga sunan mace a bango sai ya taɓe baki ya ce, "Wannan ai na mata ne." Mutumin da bai taɓa tambayar garin su Ahalari ba, shi ne yau ya zama mai binciken suna. (Ko da yake an ce akwai masu jira sai uwargida ta yi barci su zaro daga ƙarƙashin matashin kai. Ba mu ce kowa ba, kuma ba mu kalli kowa ba.)

Masu sukar nan suna da hujjarsu, bai kamata a danne ta ba. A cikin littattafan akwai tarkace da yawa: rubutu ba ƙa'ida, labari kwafin fim ɗin Indiya, kowane saurayi ɗan miloniya, kowace budurwa fara mai dogon gashi. Masana ma sun yi ta ja-in-ja a jaridu a shekarun 1990, Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. A 2007 har ƙona tarinsu aka yi a bainar jama'a a Kano. Amma wanda ya san goro ba ya zubar da huhu ɗungurugum don ya ga 'yan ƙwayoyi da sankara, zama yake ya tsince. Tsincewa kuwa ba ta yiwuwa sai an buɗe an duba. Magidancin da ya ƙwace littafi ya jefa a murhu bai karanta ko shafi ɗaya ba, bai san ko Balaraba ya ƙona ko tarkace ba. Shi kuwa wannan Alhaki Kuykuyo Ne, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, wani kamfani a Chennai ta ƙasar Indiya ya buga a 2012. Ba'indiye ya karanta labarin Rabi, maƙwabcin Rabi bai karanta ba.

Wani zai ce, to mene ne abin tara mutane a kan labaran ƙarya? Ga abin. Yaron da aka haifa a Sabo yana tashi da Hausa da Yarbanci da buroka a bakinsa, wannan arziki ne. Amma a makaranta Turanci da Yarbanci ake koya masa karantawa, a makarantar allo Larabci. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta so kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa, amma ba ta tanadi wanda zai koya wa ɗan Bahaushe a Ibadan rubuta harshen uwarsa ba. Ina ne yaranmu suka koyi karatun Hausa, waɗanda suka iya? Ku bincika, akasari mata ne, kuma a ɗakin uwa suka koya, yarinya na karanta wa tsohuwar da idonta ya yi rauni, tsohuwar na gyara mata: ba haka ake faɗa ba, ga yadda ake faɗa. Wato waɗannan littattafai da ake rainawa su suka zama makarantar Hausa ta unguwar nan shekara da shekaru, ba gini, ba albashi. Samarin da aka ce musu abin na mata ne, su ne yau in sun rubuto maka saƙo a waya sai ka ga "xan xo" da "qasa", wasu ma har sun fara ce wa mace "ya tafi". Jikan da ba ya iya karanta wasiƙar kakansa, in an tashi rabon gado a gida, sai abin da aka karanta masa.

Akwai kuma wasu marubutan da ba mu karantawa, mazanmu da matanmu duka, su ne maƙwabta. An kafa Sabo tun 1916, mun haura shekara ɗari a garin nan. Ibadan kuwa garin littafi ne, nan aka buɗe jami'ar farko a 1948, kamfanonin ɗab'i irin su University Press da Evans ga su nan Jericho, ko da ƙafa sai ka je. Da yawanmu suna jin Yarbanci kamar jakin Kano da Hausa, amma wa ya taɓa buɗe Ogboju Ode na D. O. Fagunwa, wanda ya fito a 1938? Labarin maharbi ne a dajin aljanu, duk mai son Ruwan Bagaja zai so shi. Cyprian Ekwensi Inyamuri ne, amma a Minna aka haife shi, ya rubuta The Passport of Mallam Ilia da Burning Grass a kan mutanenmu, kuma masana sun daɗe suna nuna yadda littafinsa An African Night's Entertainment ya yi kama da Jiki Magayi. Shi ya karanta mu. Na gida ma da suka rubuta da Turanci, irin su Zaynab Alkali mai The Stillborn na 1984, da Abubakar Adam Ibrahim da ya ci kyautar NLNG ta dala dubu 100 a 2016, yara ne suka san su saboda jarrabawa.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne littafin da aka rubuta a kan unguwar nan kanta. Wani masani, Abner Cohen, haifaffen Bagadaza mazaunin Ingila, ya zauna a Sabo a 1962 da 1963, ya fitar da Custom and Politics in Urban Africa a 1969. Ya bayyana yadda masu gida ke saukar da fatake, yadda ake ba mahauta shanu bashi ba takarda sai amana, yadda goro ke tafiya Arewa, yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu a nan a farkon shekarun 1950. Ya kuma rubuta abubuwa kan aure da saki da zaman matan unguwar nan, waɗanda da za a karanta wa iyayenmu mata, da sun so su mai da martani. Ɗalibai a jami'o'in Turai da Amurka sun yi shekaru suna sanin Sabo ta bakinsa. Mu jikokin waɗanda ya zauna da su, kaɗan ne suka taɓa ganin bangon littafin.

Yau kuma abin ya koma waya. Ba a jiran direba, labari na shigowa ta WhatsApp shafi-shafi, wasu sai an biya, wasu kuma a YouTube ake karanto su mace na aiki tana saurare. Mata ne dai har yanzu a gaba, wajen rubutawa da wajen karantawa, kuma tun da BBC Hausa ta buɗe gasar Hikayata domin mata a 2016 an ga sababbin alƙaluma masu kyau. Sai dai a waya babu bango, sau da yawa babu sunan gaskiya, kuma batsar da ake zargin littattafan da da ita, a nan take a fili. Wanda ya ƙi sanin na takarda da ke ajiye a gabansa, ina zai san na waya mai makulli?

Saboda haka ga roƙonmu ga shugabanni, kuma ba na kuɗi mai yawa ba ne. A samo kabad ɗaya a ajiye a ofishin ƙungiya. Duk ɗan ƙungiyar da ya je gida Sallah ko biki ya dawo da littafi ɗaya na Hausa, in ya saba sayen na maza, wannan karon ya sayo na mace. Makulli biyu, ɗaya a hannun sakatare, ɗaya a hannun wadda iyayenmu mata suka zaɓa, domin wadda ba ta fita ta aiko yaro ya karɓo mata, a rubuta suna a rajista. Malamanmu, Allah ya gafarta muku, muna roƙon a samu wanda zai nemo waƙoƙin Nana Asma'u na Hausa ya sa su cikin darasi, na maza da na mata. Matasanmu da suka yi jami'a kuwa, ɗaya ya ɗauki littafin Cohen, ɗaya ya ɗauki na Fagunwa, a taro mai zuwa su ba mu babi ɗaya-ɗaya da Hausa, dattawan da suka ga zamanin su faɗa mana inda Baturen ya yi daidai da inda ya kauce. Hajiyoyin da ke da tsofaffin littattafai a ƙasan akwati, kada a ba mai ƙosai su, a kawo, ko da na biyu ya ɓace, wataƙila yana gidan maƙwabciya.